Wane Zaure Za Ka Shiga? Zaɓen Zama a Bikin Marubuta a Abuja

Babu mai halartar bikin marubuta gaba ɗayansa, ko da shi ya shirya shi. In ana zama biyu ko uku a lokaci guda, dole ka bar wasu. In ma zaure ɗaya ne tal, jiki ba zai kai ba: zama uku a yini shi ne abin da mutum zai saurara da hankalinsa a jikinsa, na huɗu sai dai a ce ya zauna a wurin. Bikin kwana uku ke nan ya ba ka zama tara, kuma sallar Juma'a da cunkoson hanya za su ci ɗaya ko biyu. Zaɓi ya zama dole. Ko dai ka yi shi a gida da jadawali a gabanka, ko ka bari ranar taro ƙafarka ta bi inda jama'a suka fi yawa. Yawancin mutane na biyun suke yi. Shi ya sa za ka ga babban zaure ya cika maƙil ana kallon wani sananne, ƙaramin ɗakin da wata edita ke nuna yadda ake gyara shafin farko kuwa bai fi mutum goma ba.

Ka fara da sanin wane irin taro ne. Na shekara-shekara da Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, ke yi ya sha zama a Ƙauyen Marubuta na Mamman Vatsa da ke Mpape, filin da Vatsa ya ba ƙungiyar a 1985 yana ministan Abuja. Wannan taron ƙungiya ne tukuna kafin ya zama biki: akwai buɗe taro, babbar lacca, zaman 'yan ƙungiya, liyafar ba da kyaututtuka, kuma duk bayan shekara biyu a yi zaɓen shugabanni, shekarar da hankalin mutane da yawa ke komawa wajen kamfe. Bikin da Abuja Literary Society ke shiryawa ya fi karkata ga zaman tattaunawa da karatun waƙa a dandamali, kuma da Turanci ake yin kusan komai. Sai irin su KABAFEST, bikin littattafai da fasaha da aka fara a Kaduna a 2017, da HIBAF na littattafai da fasahar Hausa, da aka fara can a 2021. In a Kaduna ake yi, mazauna Abuja kan hau jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa su sauka Rigasa. A irin waɗannan zama na bin zama tun safe har dare.

Kafin ka buɗe jadawalin, ɗauki takarda ka rubuta a jimla ɗaya inda rubutunka ya cije. Matsala ake so ka rubuta, ba buri ba. "Ina so in zama babban marubuci" ba zai taimake ka ba, don kowane zama zai yi kama da amsarsa. Amma "na kai babi na tara labarin ya tsaya, ban san me tauraruwar ke nema ba", ko "na gama littafi, ban san ko in buga da kuɗina ko in nemi kamfani ba", ko "masu karatuna a WhatsApp suke, ina so in sayar ba tare da an yaɗa shi kyauta ba", kowace daga cikinsu za ta zubar maka da rabin jadawali nan take. Malamin makarantar da ya zo nemo wa ɗalibansa littattafai da mai karatun da ya zo don nishaɗi su ma su rubuta tasu. Daga nan ka bi jadawalin ka yi wa na dole tauraro, ka zagaye wanda za ka shiga in hali ya yi, sauran ka bar su fayau. Tauraro kada ya wuce biyu a rana.

Sai lissafi, kuma lissafin nan ya fi sunayen jikin fosta faɗin gaskiya. Ɗauki zaman tattaunawar da aka ba awa ɗaya. Da wuya a fara a kan lokaci, cire minti 10. Jagoran zama zai gabatar da baƙi, in mai karanto tarihin kowa ne daga firamare zuwa digiri na uku, cire wasu 10. Tambayoyin masu sauraro 15. Saura minti 25. In mutum biyar aka jera, kowa ya tashi da minti 5, wato tambaya biyu da gajerun amsoshi, kuma a cikinsu akwai wanda zai cinye rabon mutum biyu. In uku ne, kowa ya samu 8, an fara shiga magana. In mutum ɗaya ne da mai yi masa tambayoyi, duka 25 ɗin nasa ne, kuma a nan ake kaiwa ga tambaya ta uku da ta huɗu a kan abu guda, inda marubuci ke daina maimaita abin da ya saba faɗa wa 'yan jarida ya fara faɗin yadda ya yi aikin. In da tafinta a zaman, ana juya Hausa zuwa Turanci ko Faransanci, raba abin da ya rage gida biyu. Don haka in ka ga sunan gwaninka a zaman mutum shida, sannan ga shi a wata hira shi kaɗai washegari, hirar za ka yi wa tauraro. Zaman mutum shidan ka bar wa masu ɗaukar hoto.

Sunan da ya fi muhimmanci a kowane zama shi ne wanda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙasa, na jagora. Baƙi uku masu ilimi in suka faɗa hannun wanda bai karanta littattafansu ba, awa guda za ta ƙare a "yaushe ka fara rubutu?" da "wane ƙalubale kake fuskanta?" da "wace shawara za ka ba matasa?" Jagoran kirki zai buɗe littafi ne ya ce, "Malama, a nan kin bar uwar ta yi shiru lokacin da aka kawo saƙon, me ya hana ki bar ta ta yi kuka?" Daga irin wannan tambayar ake koyon rubutu. Gane shi ba wuya. Bukukuwan nan da dama suna ajiye bidiyon shekarun baya a YouTube ko Facebook. Nemi sunan jagoran, ka kalli minti goma na farko. Ka lura ko yana riƙe da littafin baƙon da 'yan takardun alama a ciki, ko yana iya katse babban mutum cikin ladabi in ya zarce, ko kuwa shi ke amsa tambayar da ya yi da kansa. Wannan ta ƙarshen cuta ce da ta fi kama manyan malamai, kuma ba ta jin magani.

Taken zama ma yana nuna abin da ke ciki. Mai faɗi irin "Adabi da Cigaban Ƙasa" ko "Makomar Karatu a Arewa" kusan kullum a kuka yake ƙarewa: matasa ba sa karatu, waya ta lalata yara, gwamnati ba ta taimakawa, a yi tafi a tashi. Ba ƙarya ake faɗa ba, amma da saninka ka baro gida. Take mai ƙunci irin "Rubuta zance tsakanin taurari" ko "Ɗauko tarihin iyali daga bakin tsofaffi" yana tilasta wa baƙo ya zo da misali. Sannan ka duba su waye a ƙarƙashin taken. Zama a kan harkar buga littafi wanda duk baƙinsa marubuta ne, babu mai kamfani, babu edita, babu mai shagon littattafai, zaman ƙorafi ne.

Bita ita ce abin da ya cancanci a bar komai dominsa, in ta gaske ce, kuma ta gaske ana gane ta tun a sanarwa: an ƙayyade adadin mutane, da wuya ya wuce 20, ana rajista tun kafin biki, an nemi samfurin rubutunka, shafi uku ko biyar, an ba ta aƙalla awa biyu. Dalilin adadin a fili yake. Mutum 15 a awa biyu da rabi, in aka cire rabin awa na bayanin malami, kowa zai samu minti 8 a kan rubutunsa. Mutum 80 a babban zaure da majigi lacca ce aka sa wa sunan bita, ba wanda zai kalli shafinka. Rajistar takan rufe tun kafin ranar, wanda ya jira sai ya iso ya tambaya a teburin rajista sai dai a ce masa an cika.

In an ɗauke ka, ka zo da shiri. Buga rubutun kwafi uku: na malami, naka, da na wanda za a haɗa ku musayar gyara. Baƙaƙe lamba 12, tazara biyu tsakanin layuka don jan biro ya sami wuri, lambar shafi da sunanka a kowane shafi, don takardu kan tarwatse. Mai rubutu da Hausa ya mayar da fayil ɗinsa PDF kafin ya kai shagon buga takardu. In ka kai shi a Word, kuma kwamfutar shagon ba ta da irin baƙaƙenka, ƙ da ɗ da ɓ sai su fito akwatuna, ba kuma za ka lura ba sai takarda tana hannun malami. Ka tambaya tun kafin rajista ko malamin yana karanta Hausa. In ba ya yi, zai iya amfanarka a kan zubin labari, inda rikici ya fara, inda ya yi sanyi, wane tauraro ne ba shi da aiki, muddin ka kawo masa taƙaitawar shafi ɗaya da Turanci. Amma gyaran jimla, da raba kalma da haɗe ta, da inda karin harshenka ya kutsa cikin daidaitacciyar Hausa ba da niyya ba, wannan sai mai Hausa. Kuma shafin farko za ka kai, ba wurin da ya fi burge ka ba, don edita da alƙalin gasa daga nan suke farawa, sau da yawa a nan suke tsayawa.

Zaman da ya shafi bugu da kuɗi yana da nasa ma'aunin: in aka yi minti 20 ba a ambaci lamba ba, ba za a ambata ba. Ka je da tambayoyin da amsarsu lamba ce. Kason marubuci kashi nawa ne, kuma daga me ake cire shi? A ce littafi naira 5,000 ne a bango, kasonka kashi 10. In daga farashin bango ne, kana da 500 a kowane kwafi. In daga abin da ya shigo hannun kamfani ne, kuma mai shago ya riga ya cire kashi 40, to 3,000 ce ta shigo, kasonka 300. A takarda duka biyun kashi 10 ne, amma a kwafi 1,000 bambancin naira 200,000 ne. Yarjejeniyar ta shekara nawa ce? In littafin ya ƙare a kasuwa ba a sake bugawa ba, yaushe haƙƙin zai dawo hannunka? Wa ke da ikon fassara, da na fim, da na karantawa a rediyo ko YouTube? Wannan ta ƙarshen ta fi shafar marubutan Hausa, don ƙorafin karanta littafin mutum ba izini tsohon zance ne a tsakaninsu. Duk wanda ya ce shi mai kamfani ne kuma, ka tambaye shi wa ke biyan kuɗin bugu. In kai ne, aikin maɗaba'a yake yi maka. Ba laifi ba ne, da haka aka gina kasuwar littattafan Kano, amma fa littattafan da haƙƙin duka naka ne, kada ka sa hannu a takardar da ta ce ba haka ba.

Akwai abubuwan da ba sai ka ɓata awa guda a kansu ba, don a rubuce suke. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce mai bugu mai zaman kansa ya kai musu kwafi uku. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Gasar adabin da kamfanin gas na NLNG ke ɗaukar nauyi tun 2004, wadda kyautarta ta kai dala 100,000, zagayawa take tsakanin zube, waƙa, wasan kwaikwayo da adabin yara. Hikayata, gasar gajerun labarai ta BBC Hausa da aka fara a 2016, ta mata ce zalla. Zaman da waɗannan kawai zai karanto maka, wayarka ta ishe ka. Wanda ya cancanci kujera shi ne inda aka zaunar da tsohon alƙalin gasa ya faɗi abin da ke sa a ajiye labari tun a zagayen farko. Haka zaman sayar da littafi ta intanet: ka saurari wanda yake sayarwa yanzu, ka tambaye shi me zai faru da littattafanka da kuɗinka in manhajar ta rufe. Manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023, don haka tambayar ba ta neman rigima ba ce.

Buɗe taro, in ba kana da aiki a ciki ba, shi ne wuri na farko da za ka rage. An rubuta ƙarfe goma, amma ba a farawa sai babban baƙo ya iso, sannan a gaishe da manya ɗaya bayan ɗaya, a yi jawaban fatan alheri, babbar lacca sai can an gaji. In mai laccar ne ya kawo ka, ka ce wani na ciki ya kira ka in an kusa. Kafin nan kana rumfunan littattafai, don a safiyar farko ce kaya ke cikakke: mai sayarwa daga Zariya ko Kano yakan zo da kwafi biyu ko uku na tsofaffin littattafan da ba ka samu a shagunan Wuse, kafin la'asar sun tafi. Ka riƙe tsabar kuɗi, don layi yakan toshe inda mutane suka taru, tiransifa ta maƙale kai da mai kaya kuna kallon juna. Ƙaddamar da littafi kuwa zumunci ne da tara kuɗi. Minti 15 na mai sharhi su ne adabin da ke ciki, saura sanarwar wane ya sayi kwafi ɗaya a kan kaza. In na ɗan'uwa ne ko aboki ka je, haƙƙinsa ne, amma kada ka ƙirga shi cikin ukun ranar.

Ga inda abin ke yin wuya. A ce ranar Asabar, sha ɗaya na safe, jadawali ya nuna uku. A babban zaure hira da marubucin da ya ci babbar gasa, mazaunin Abuja. A ɗaki na biyu, baƙi daga Damagaram da Maraɗi za su yi magana a kan buga littafin Hausa a Nijar. A rumfar waje bitar gyaran rubutu ta mutum 15, kuma sunanka na ciki. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ka fara tambayar wanne za a ɗauka a bidiyo. Kusan kullum kyamara a babban zaure take, saboda haka hirar za ka same ta daga baya kana kwance a ɗakinka. Marubucin ma ba gudu zai yi ba, kana iya cin karo da shi a zaman karatun da Abuja Writers Forum da Abuja Literary Society suka saba yi, alhali baƙin Nijar wataƙila sai bayan shekaru. Bita kuwa ba ta yiwuwa sai da jikinka, don ba mai kai shafinka a madadinka. Ke nan bita za ka shiga, ka tura aboki ɗakin 'yan Nijar, ka nemi baƙin da kanka lokacin cin abinci. Da ba ka cikin bitar, ɗaki na biyu ne naka. Babban zaure shi ne na ƙarshe ta kowace fuska, duk da cewa daga can za ka riƙa jiyo tafi, ranka yana raya maka an yi ba kai.

Tura aboki yana amfani ne in an yi sharaɗi. "Ka ba ni labari" ba abin da yake haifarwa sai "wallahi an yi magana sosai." Ku ce ya fito da abu biyar a rubuce, da sunan duk littafin da aka ambata, ya kuma yi saƙon murya na minti uku kafin ya shiga wani zaman, tun abin bai gauraye masa ba. Naɗar murya a bita sai da izini, don mutane suna karanta rubutun da ba su fitar ba.

Wanda ya tsara jadawali bai san daga ina za ka taso ba. Mai kwana a Nyanya, Karu ko Mararaba, zaman ƙarfe tara na ranar aiki ba nasa ba ne sai in zai fito tun bayan asuba. Na Kubwa da Lugbe ma su yi hattara. Asabar da Lahadi hanya a sake take, a nan za ka sa zaman sassafe. Mpape a kan tudu take bayan Maitama, hanyar hawanta ƙunci gare ta ga tifofin dutse, ba wurin da za ka ce bari in leƙa Wuse in dawo ba ne. In ka hau, sai yamma. In an rarraba wurare, rana a wani zaure dare a wani lambu, ka ware aƙalla minti 45 tsakaninsu, ka kuma tuna babu acaɓa a tsakiyar birni. Mai tahowa daga Jos ta Akwanga da Keffi, in ya taso da asubar Juma'a ya riga ya rasa zaman safe. In da tauraro a ranar, Alhamis ake tahowa.

Ranar Juma'a, duk abin da aka sa tsakanin sha biyu da rabi da biyu da rabi ka ɗauka babu kai, kuma wanda ya biyo baya zai makara don rabin baƙin suna hanyar dawowa daga masallaci. Ba duk masu shiri ke barin gurbin salla ba. A Oktoba da Nuwamba, lokacin da ANA ta saba yin nata, magariba tana yi da shida da 'yan mintuna, daidai lokacin da ake son fara daren waƙa, don haka ka duba wurin alwala da salla tun da ka iso. Daren waƙar ma, kafin ka yi masa tauraro ka san da me za ka koma. Tsayawa bakin titi da goman dare ana neman tasin haɗaka a Abuja ganganci ne, 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, ba ruwansu da marubuci. Ku haɗa kuɗi ku kira mota ta manhaja, ko ku bi wanda ya zo da tasa, kuma a daidaita wannan tun da rana.

A kowace rana ka bar gurbi ɗaya da gangan, awa guda ba ka cikin kowane zaure. Editoci da masu kamfani a baranda ake samunsu, ko wajen shayi, ko gaban rumfarsu lokacin da kowa ya shige babban zaure. In ka samu wadda kake nema, kada ka ɗora mata kundin shafi 300. In ma ta karɓa don kunya, a otal za ta bar shi. Gajeren zance ya isa: "Hajiya, barka da hutawa. Na ji abin da kika ce a kan shafin farko. Ina da labari na Hausa, kalma dubu sittin, a kan wata ungozoma a Tudun Wadan Jos. Ta wace hanya kuke karɓar rubutu, kuma yaushe?" Ko ta ba ka adireshin imel, ko ta ce ba sa buga Hausa, sai ka tambaye ta wa ke yi. Ka rubuta nan take wa ka gani da me ya ce, ka aika saƙon cikin mako guda tun ana tuna fuskarka. In gurbin ya rage, ka leƙa abin da ba fanninka ba. Mai ƙagaggen labari ya zauna inda ake rera rubutacciyar waƙa, ya ji yadda kari da amsa-amo ke tilasta wa mawaƙi zubar da kalmar da ba ta da aiki. Littattafanmu na zube da yawa da sun rage kauri da marubutansu sun sha wannan horon.

Duk wannan da fensir ake yinsa. Jadawalin da aka fitar mako biyu kafin biki ba shi ne na ranar ba: jirgin wani ya makara, an haɗe zama biyu, an mayar da na safe yamma. Kowace safiya ka duba allon teburin rajista, kuma kowane tauraro ya kasance da mataimakinsa a gefe. In kana shakkar zama, zauna a bakin layi kusa da ƙofa, ka ba shi minti goma bayan an gama gabatarwa. In har lokacin ba a faɗi abin da ya sa ka ɗauki biro ba, tashi ka tafi na biyun. Ana fita ne lokacin tafi, ko lokacin da magana ta koma daga wani baƙo zuwa wani, ba a tsakiyar karatun waƙa ba. Bita dai ba a fita daga cikinta, don kujerar da ka tare wani aka hana.

Ranar ƙarshe, daga azahar zuwa sama, kada ka ajiye abin dole a cikinta. Otal na sallamar baƙi da tsakar rana, masu Legas sun kama hanyar filin jirgi, masu Kaduna suna lissafin jirgin ƙasa, masu Jos da Kano ba sa son dare ya yi musu a hanya. Zaman da aka rubuta mutum huɗu sai ka tarar da biyu, masu rumfa suna ɗaure kwalaye. Duk wanda kake son gani, da littafin da kake son a sa maka hannu, ka gama da su kafin magaribar ranar da ta gabata. Abin da yammacin ƙarshe ke da shi ragi ne: mai littattafan da ba ya son komawa da kaya yakan sauke farashi, saboda haka ka rage wani abu a aljihu, ka kuma bar wuri a jaka.